Motar da Za Ta Mayar da Laure

Ranar da aka raɗa wa 'yar Kalilu suna a Argungu, bayan an shafa fatiha an raba goro, surukinsa Alhaji Labbo ya faɗi wata magana a ƙofar gida, mutane na zaune cike da tabarmi. Ya ce 'yarsa Laure ba za ta koma ɗakinta a Birnin Kebbi cikin motar haya ba, a cusa ta da jaririya tsakanin buhunan albasa. In ta gama wankan jego, a motarsa za a mayar da ita, da zarar ɗansa ya gyara ta. Da ya ce ɗansa sai ya nuna inda Kalilu yake da gemu, bai dube shi ba. Jama'a suka yi ta sa albarka. Kalilu yana can bakin tabarma kansa a sunkuye, ya ce amin tare da kowa.

Kalilu bakanike ne. Garejinsa yana ƙarƙashin wata darbejiya a bayan tashar mota ta Birnin Kebbi, kuma a lokacin da ake wannan magana motar tana can tana jiransa, don kwana kaɗan kafin haihuwar wata babbar motar albasa ta jawo ta da igiya. Doguwar mota ce mai ruwan toka, mai shan gas, wadda Alhaji ya sayo daga Kwatano tun kafin gwamnati ta rufe iyaka. Abin da ya bambanta ta da sauran motocin garin wani ƙarfe ne a gefen injin, mai siffar katantanwa, wanda ake kira turbo. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar farfela a cikinsa, ita kuma ta tura wa injin iska da ƙarfi. In an taka motar sai ta yi wani siririn fito ta zabura. Da wannan fiton mutanen unguwa suke sanin Alhaji ya dawo daga Sakkwato tun bai shawo kwanar masallaci ba.

Washegarin suna Kalilu ya kwance katantanwar ya buɗe ta a kan buhu. Fikafikan farfelar sun cinye kamar ganyen da fara ta bi, sandar da ke riƙe da su tana lilo, baƙin mai ya cika duk inda iska ya kamata ta bi. Wannan ba abin da ake gyarawa ba ne, sai dai a sake. Ya je Sakkwato ya zagaye masu sayar da kayan mota, wasu ma ba su taɓa ganin irinsa ba. Ya ba direban Kano, ya dawo masa da shi a ƙunshe yadda ya ba shi. Aka ce a gwada Kaduna, aka gwada. Inda ake da tabbacin samu shi ne ƙetaren iyaka, iyaka kuwa a rufe. Wani mai bin hanyar daji ta Kamba ya yi alkawari, ya ɓace tsawon wata guda, ya dawo da na tarakta, girmansa ya ninka wanda ake nema.

Duk wannan da sauƙi in da mai motar wani ne. Da tuni Kalilu ya ce masa babu, ya zaɓi abin da za a yi. Amma tun da ya auri Laure, maganar da ta taɓa haɗa shi da Alhaji ba ta wuce gaisuwa ba. Yakan tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, ya tambayi gajiya da iyali da kasuwa, Alhaji ya amsa yana kallon carbinsa, shi ke nan. Ko cin abinci ba ya yi a inda Alhaji zai gan shi. In a hanya suka yi kiciɓis, Kalilu kan ratse lungu. Haka ya taso ya ga ana yi, kuma ana yaba masa a kan haka. Don haka duk abin da ya shafi motar sai ya bi ta bakin Hodi, direban Alhaji, wanda ɗan'uwan mahaifiyar Laure ne, shi ya sa Kalilu ke ce masa Kawu.

Kawu Hodi mutum ne da ba ya son kai labarin da zai ɓata wa wani rai, balle labarin motar da a hannunsa ta lalace. Duk ranar da ya biyo motar albasa zuwa Birnin Kebbi sai ya ratso gareji, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya saurari Kalilu yana girgiza kai cikin tausayi. Kalilu ya ce masa ba a samu ba, kuma ba ya jin za a samu. Hodi ya ce Allah ya sa a dace. In ya dawo wani satin sai ya kawo amsa: Alhaji na gaisuwa, ya ce kada ɗansa ya yi gaggawa, ya yi aikinsa a tsanake. Kalilu ya daɗe yana juya wannan amsa kafin ya fara zargin cewa abin da yake faɗa ba shi ke isa Argungu ba. To amma wa zai tambaya?

Aka yi arba'in, Laure ta gama wanka. Gwaggwanninta suka haɗa kayan komawa, shinkafa da busasshen kifi da daddawa da man shanu, suka ɗaure su a kusurwar ɗakin mahaifiyarta. Kayan suka zauna a nan. Mahaifiyar Laure ba ta iya tayar da maganar, kada a ce ta gaji da 'yarta. Mahaifiyar Kalilu ba ta iya aikawa a kawo mata surukarta, kada a ce ta taka maganar da Alhaji ya yi gaban jama'a. Ita kuwa Laure, a ce ta buɗe baki ta nuna wa ubanta tana son komawa wurin miji, gara mata ƙasa ta tsage ta shige. Kowa ya san abin da ake jira, kowa kuma yana tambayar lafiyar kowa.

Kowace Juma'a bayan masallaci Kalilu kan hau motar haya zuwa Argungu. Ya gaida Alhaji a zaure, a yi masa iso cikin gida, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin da Laure take, tsofaffi na kai da kawo a tsakar gida kamar ba su gan shi ba alhali ba abin da ke wuce su. Ba ya daɗewa. Ba ya kiran sunan yarinyar, ita ma Laure ba ta kira, tunda 'yar fari ce; sai dai su ce "ta". Ta yi mura, ta warke. Ta fara gane muryar kakarta. Ya dawo Birnin Kebbi kafin magariba, ya buɗe ɗakin Laure ya ga gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin kwanonin jerenta, ya rufe, ya shimfiɗa tabarma a zaure saboda zafi. Bazara ta yi tsanani, aka gama cire albasa a fadama, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa.

Wata Juma'a da ya je, ya tarar da yarinyar zaune a kan tabarma an tokare ta da matashi. Ya miƙa hannu ya ɗauke ta, ta dube shi, ta callara kuka tana miƙa wa wata tsohuwa hannu. Tsohuwar ta karɓe ta tana dariya, tana cewa ai ba ta son baƙi. Laure ba ta yi dariya ba. Ta jira har tsohuwar ta yi nisa, sannan ta ce a hankali, idonta a kan ƙullin kayan da ke kusurwa:

"Sau biyu anka kwance kifin nan anka shanya. In an kwance na ukku, ni ba ni sake ɗaure shi."

Ya tashi ya yi sallama. A motar komawa ya zauna a matse tsakanin wani mai tallan gishiri da ƙofa, yana jin kukan yarinyar a kunnensa har suka wuce Ambursa.

Maƙwabcinsa a bayan tasha Abu mai walda ne, wanda tun suna yara suke tsokanar juna. Shi ne ya same shi da safe zaune gaban motar, katantanwar a cinyarsa.

"Kai gwauro mai mata, har yau zaman makokin abin ga kaka yi? Cire shi ka huta. Injin gas ne, da shi da babu shi tashi za shi yi."

Kalilu ya san da haka tun ranar farko, kuma ya san abin da Abu bai faɗa ba. Injin da aka ƙera don a riƙa tura masa iska, in aka bar shi ya shaƙa da kansa zai tashi, zai yi tafiya, amma ƙarfinsa ba zai kai ko na ɗan'uwansa da aka ƙera babu turbo ba. Da safe sai an lallashe shi. Ya ce wa Abu wannan daidai yake da a ba ka rago kiwo ka mayar wa mai shi da fiɗiyayye. Abu ya ce to ya ci gaba da kiwon, in Allah ya so ranar auren yarinyar sai a kai amarya da uwarta a tafiya ɗaya.

Da Hodi ya zo, Kalilu ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla, ya nuna masa abin da za a cire da abin da motar za ta rasa, ya roƙe shi ya nemo masa izini. Amsa ta dawo cewa duk abin da ɗansa ya ga ya dace ya yi. Kalilu ya dubi Hodi, Hodi ya dubi reshen darbejiya. Bai tambaye shi da wace kalma ya kai saƙon ba. Mutum ba ya titsiye kawun matarsa.

Ya fara aikin. Ya toshe siririn bututun da ke kai wa turbo baƙin mai da noti da zoben jan ƙarfe, ya toshe ramin da man ke komawa ƙasa, don in ya bar ɗaya daga ciki injin zai zubar da mansa a hanya ya ƙone. Wurin 'yan gwangwan ya samo guntun bututu mai kauri, Abu ya lanƙwasa shi ya yi masa walda, ya haɗa mafitar hayaƙi da salansa kai tsaye. Ya jawo tiyo daga matatar iska zuwa bakin injin. Da ya tayar, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe gareji har mai shayi ya kwashe kofunansa yana mita, saboda famfon gas yana nan yana zuba wa injin abincin da ba shi da iskar cinyewa. Nan ne aikin ya fi cin rai. Ya riƙa rage gas ɗin kaɗan-kaɗan, ya fita hanyar Jega ya dawo, ya ƙara ragewa. In hayaƙi ya tafi, ƙarfi ya bi shi; in ya nemi ƙarfi, hayaƙi ya dawo. A ƙarshe ya tsaya a tsakani. Ya wanke motar, ya naɗe katantanwar a buhu ya sa a but.

Ranar da ya kai ta, ya isa Argungu da hantsi. Alhaji na zaune a ƙofar gida da mutanensa, 'yan kasuwar albasa da liman da wasu dattawan unguwa. Ba wanda ya juyo sai da motar ta tsaya a gabansu. Aka miƙe ana barka, ana shafa jikinta. Wani dattijo ya ce yau kuma shiru ta shigo, ko ta yi hankali ne. Aka yi dariya. Kalilu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye makulli a gefen tabarma, yana neman Hodi da ido. Aka ce Hodi ya tafi Gulma tun asuba duba kaya.

Alhaji ya ce to ai sai a ɗana ta. Shi bai iya tuƙi ba, kuma a cikin mazauna wurin ba wanda ya iya. Kowa ya ga inda maganar ta nufa. Alhaji ya tattara rigarsa ya shiga baya. Kalilu ya ɗauki makullin ya shiga gaba, kuma abin da ya fara yi shi ne ya karkatar da madubin tsakiya zuwa rufi, don kada idonsu ya haɗu.

Suka fita gari suka hau hanyar Sakkwato, gilasai a rufe yadda Alhaji ya saba. Kalilu bai taɓa zama da surukinsa a wuri mai ƙunci haka ba. Yana jin ƙamshin turarensa, yana jin ƙarar carbi, gumi na bin bayansa. Suka iske wata babbar mota ɗauke da itace tana tafiyar hawainiya. Da can irin wannan ko kallo ba ta isa ba.

"Taka ta mana," in ji Alhaji.

Ya taka har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Motar ta yi gurnani, ta fito gefen babbar motar, ta jera da ita, ta tsaya a nan. Yaron motar da ke kan itace yana leƙo su. Can gaba wata mota ta ɓullo, dole Kalilu ya saki totur ya koma baya cikin hayaƙin motar itacen.

"Iyakarta ke nan?"

"Iyakarta ke nan, Baba."

Da ya ji muryarsa ta fita bai mutu ba, sai sauran maganar ta biyo. Yana kallon bayan babbar motar ya faɗi duka: abin da ya lalace, garuruwan da aka nema, abin da ya cire, abin da ya toshe. Ya ce motar za ta kai mutum duk inda za shi in ba sauri yake ba, amma fiton nan da zaburar nan sun tafi, kuma muddin iyaka na rufe shi bai san ranar dawowarsu ba. Bai ambaci Laure ba.

Alhaji ya ce ya sauka gefen hanya. Suka tsaya a inuwar wata tsamiya. Ya sa Kalilu ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallon ɗinkin waldar Abu, hannayensa a baya. Sannan ya tambaya tun yaushe Kalilu ya san ba za a samu ba. Kalilu, yana durƙushe a gefen taya, ya ce tun kafin a yi arba'in.

"Ni kuwa kullum saura kaɗan aka ce mani," Alhaji ya faɗa, kamar da injin yake magana. "Uwar ɗiyan can ta bar yi mani magana sai gaisuwa. Ni kuma na riga na faɗi gaban mutane. In aiko maka in ce mi? In ce ka yi sauri, sai ka ce na raina aikinka."

Kalilu ya ce Allah ya huci zuciyar Baba. Alhaji ya juya masa baya. Ya zagaya motar, ya tsaya ya kalli hanyar da suka biyo. Kalilu ya gane abin da yake hangowa: gobe ko jibi zai shiga wannan motar zuwa Sakkwato, 'yan kasuwar da ya saba wucewa su wuce shi suna ɗaga masa hannu, labari kuma ya riga shi dawowa gida, cewa surukin da ya yi ta yabo ya mayar masa da mota jaki. Kalilu ya ji tsoron kada ya ce a mayar da ita gareji a ci gaba da jira, kowa ya koma inda yake. Ya san in Alhaji ya faɗi haka, shi dai to kawai zai ce.

Suka juya suka koma Argungu. A ƙofar gida mutane suka taso suna tambayar yaya. Alhaji ya fito ya gyara hularsa, ya ce madalla da aiki, injin ya zauna daram. Sai dai akwai wani ƙarfe da ake jira daga waje, kuma shi ba ya son a wahalar da ita kafin ya iso, don haka yau ɗin nan za ta koma Birnin Kebbi ta zauna a hannun ɗansa. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara da cewa tunda komawa za ta yi, bai ga dalilin da za ta tafi babu kowa ba. Ya aika a gaya wa mata su fito da kaya.

Cikin gida ya kaure da hayaniya. Kafin la'asar an cika but, an ɗaure sauran a kan rufi. Gwaggwanni biyu suka shiga baya suka sa Laure a tsakiya, lulluɓe, yarinyar a cinyarta. Da Kalilu ya je sallama, Alhaji ya amsa yana kallon carbinsa kamar kullum, ya ce a sauka lafiya, kuma a kula masa da motar. Kalilu ya fahimci abin da aka ɗora masa. Ba zai mayar da ita ba, ba zai sayar ba, ba zai hau ta yawon kansa ba. Za ta zauna a garejinsa ta cinye masa rabin inuwa, duk wanda ya zo daga Argungu ya tambaye shi ko ƙarfen ya iso.

Da nauyin kaya da mutane motar ta ƙara sanyi. Motocin haya suka riƙa wuce su, har da wani mai babur ɗauke da buhun shinkafa a kusa da Ambursa. Gwaggo ɗaya ta ce ita dai wannan tafiyar ta fi mata, ba a jijjiga mata ƙugu. Kalilu bai juya ya dubi Laure ba, ba a yin haka gaban gwaggwanni. Sau ɗaya dai da yarinyar ta yi atishawa suka ce alhamdulillahi a tare, tsofaffin suka yi kamar ba su ji ba.

Rana na gab da faɗuwa suka isa. Mahaifiyar Kalilu ta fito da guɗa, maƙwabta suka taya sauke kaya. Gwaggwannin suka ce sai sun kwana biyu sun ga zaman 'yarsu, suka baje a ɗakin Laure, wato shi dai zaure ne nasa har su tafi. Yana tsaye a tsakar gida bai san inda zai sa kansa ba, sai ya ji muryar Laure daga cikin ɗaki tana gaya wa gwaggonta, da ƙarfin da zai isa waje, cewa fitilar nan babu ko ɗigon kananzir. Ya ɗauki kwalba ya fita saye.